Ƙamshin Kan Jaririya

Tun yana kurtu aka laƙaba masa Hanci, sunan kuma ya bi shi har ya yi furfura. Hancin nasa bai fi na kowa tsawo ba, abin da yake ji da shi ne ya fi na kowa. A sashen 'yan sandan da ke kai samame gidajen da ake dafa ƙwaya, shi ake sakawa gaba. Sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga hannu ɗaya don kowa ya dakata, ya lumshe ido ya ja iska a hankali kamar mai ɗanɗana gishirin miya, sannan ya ce, "Jiya suka dafa, tukunyar tana ɗakin baya." Ko ya ce, "Kada wanda ya ƙyasta ashana." Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, shi kuma bai taɓa gajiya da tuna wa mutane hakan ba.

Takunkumi kam ana raba musu. Amma mutumin da hancinsa ne aikinsa, ina shi ina toshe hanci? Na baya kuma suka ga idan na gaba bai saka ba, duk wanda ya saka ya zama matsoraci, sai takunkuman suka ƙare a bayan mota ana goge gilashi da su. Suna da wata ƙa'ida kuma wadda ba a rubuta ta ko'ina ba, amma ta fi wadda aka rubuta ƙarfi: rigar samame ba a wanke ta. Riga ce shuɗiya mai kauri da aljihuna birjik, ana ɗora ta a kan kaki. Wai ranar da ka wanke ta ka wanke sa'arka. An ce wani ya taɓa wanke tasa, kashegari tukunya ta fashe masa a fuska. Babu wanda ya san sunan wannan wanin, babu wanda ya je duba shi a asibiti, amma ƙarti masu gashin baki suka riƙe labarin hannu bibbiyu. Maza idan suka taru wuri ɗaya haka suke, sai wauta ta sami kujera a tsakiyarsu, su riƙa kiranta jarumta.

Ciwon bai yi sallama ba da ya zo. Tari ne da farko, irin wanda ake cewa zai wuce. Sai hannu ya fara rawa idan ya ɗauki kofi. Sai magana ta riƙa ɓace masa a tsakiyar hanya, ya tsaya da baki buɗe yana neman sunan cokali. Wata safiya matarsa ta bar albasa ta ƙone ƙurmus a kan wuta, hayaƙi ya cika falo, shi kuwa yana zaune a cikin hayaƙin yana tambayarta ko ta ɗora girki. Ta juyo ta dube shi, ya dube ta. Ba a daɗe ba ya ajiye aiki. Ya mayar da bindiga da hula da takalma, rigar samame kaɗai ya taho da ita gida, matarsa ta rataye ta a can ƙuryar durowar kaya ta ɗakin kwanansu.

Tun da ƙamshi ya bar shi, duniya ta yi masa nisa. Abinci ya koma abin taunawa kawai. Ruwan sama yakan sauka ya gan shi da ido, amma ƙasa ba ta ce masa komai. Magungunan da ake ba shi kuma suna saukar masa da wani irin gyangyaɗi bayan azahar, wanda ba barci ba ne, ba kuma farke ba. Yana kan kujerarsa ta bakin taga, yana jin ƙarar keken ɗinkin matarsa, amma a lokaci guda yana tafiya cikin wani dogon gida mai ƙofofi, bangonsa ya yi rawaya da tururi, gwangwanaye jere a ƙasa. Yakan buɗe ƙofa ya tarar da wata ƙofar. A cikin wannan gida hancinsa yana aiki sarai, yana jin zarnin nan mai haɗe da zaƙi-zaƙi wanda ke kama maƙoshi. Idan ya farka sai tari ya turnuƙe shi.

Asibiti ya ware musu safiyar Talata, su tsofaffin 'yan sashen. Doguwar baranda ce mai benci, da fanka a sama tana juyi a kasalance. Nan suke haɗuwa, mutanen da a da ƙafa ɗaya suke sa wa ƙofa ta ɓalle, yanzu kowa da 'yar robar da yake hurawa don ƙwallon ciki ya tashi sama. Dogo, wanda ya yi shekaru yana tsaye a bayan kafaɗar Hanci a kowace ƙofa, yana zuwa yana jan tukunyar iska a kan 'yar taya, igiyar roba a hancinsa. Amaryarsa yake kiranta.

"Ka ga amarya ba ta yarda in fita ni kaɗai," in ji shi, yana gyara mata tsayuwa a gefen benci. "Kai kuma yaya hancin gwamnati? Ya dawo daga hutu?"

"Yana hanya."

"Ai ya daɗe a hanyar. Ni fa ka san tawa rigar sa'ar ɓera ya cinye a sito? Da muka tashi kwashe kaya muka tarar da shi a gefenta, ya miƙe ƙafafu. Na ce Allah sarki, shi ma ya yi ritaya."

Barandar ta kwashe da dariya, dariyar ta koma tari, ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta harare su kamar 'yan makaranta.

Likitarsu mace ce mai sanyin murya, sa'ar 'yarsa, tana da ɗabi'ar juya biro a tsakanin yatsu idan abu ya ɗaure mata kai. Rannan ta daɗe tana juya shi a kan hoton ƙirjinsa.

"Baba, akwai abin da na kasa ganewa. 'Yan uwanka tun da suka bar aiki ciwon ya tsaya inda ya tsaya, wasu ma sun ɗan samu sauƙi. Kai kullum ka zo sai in ga kamar jiya ka fito daga ɗakin dahuwar nan. Ba ka ajiye wani abu a gida ba? Kwalba, ko gwangwani, ko wani abu daga kayan shaida?"

Ya gyara zama, ransa ya ɗan sosu.

"Likita, ko allura ban taɓa ɗaukowa daga gidan mai laifi ba."

Gaskiya ya faɗa. Rigar ko kusa ba ta zo masa a rai ba, don shi a wurinsa ba kayan aiki ba ce, ba kuma ta mai laifi ba ce, tasa ce kamar fatar jikinsa. Sannan ya ce a hankali, "Sai dai ko a mafarki. Kullum da rana sai na koma gidajen nan."

Ta yi murmushi, ta ce mafarki ba ya shiga huhu. Ya gyaɗa kai don ladabi, amma a ransa ya riga ya yanke cewa amsar ke nan. Gubar tana jiransa a can cikin gyangyaɗi, yana zuwa yana shaƙo ta da kansa.

Da zai tashi ya tsaya yana murza hularsa.

"Maganar hancin fa, Likita? Ba don abinci nake tambaya ba."

Ya ba ta labari. 'Yarsa ɗaya a duniya, Tilo suke ce mata, tana da ciki. Ranar da aka haifi Tilo yana bakin aiki, ya iso asibiti a guje aka miƙa masa ita a cikin tawul. Bai san yadda ake riƙe jariri ba, sai ya yi abin da ya iya, ya sunkuya ya shinshina tsakiyar kanta. Shi da ya san warin kowane irin mugun abu da ɗan Adam ke dafawa, ranar ya ji ƙamshin da ba shi da suna, mai ɗumi, wanda bai yi kama da komai ba. Ya ce har yau idan ya rufe ido yana tuna cewa ya ji shi, amma shi ƙamshin kansa ya ɓace masa.

"So nake in ƙara ji sau ɗaya. In na ji a kan abin da Tilo za ta haifa, hancin ya koma inda ya fito, na yafe shi."

Likita ta ajiye biron. Ta buɗe durowa ta fito da ƙananan kwalabe huɗu masu audiga a ciki: lemon tsami, kanumfari, na'ana'a da furen wardi. Ta ce safe da yamma ya buɗe kowace, ya shaƙa a hankali, yana ƙoƙarin tuna yadda abin yake a da.

"Kamar hanya ce da ciyawa ta rufe, Baba. Idan ana bi, wani lokaci takan buɗe. Ban yi maka alkawari ba."

"Ni ma ban taɓa yi wa kowa alkawari a bakin ƙofa ba," ya ce, ya zuba su a aljihu.

A gida Maman Tilo ta mayar da falo shagon ɗinki. Tela ce tun tana budurwa, yanzu kuma ta sallami duk masu kawo ɗinki, ta ce jikanta ne kaɗai mai layi. 'Yan riguna kamar tafin hannu, huluna, safa, zanen goyo mai laushi, duk tana yi tana waƙa ƙasa-ƙasa. Lokaci-lokaci sai ta tsayar da keken ta yi wani ɗan busasshen tari, ta dafe goshi.

"Wannan tarin naki fa?"

"Ƙurar yadi ce. Kai dai ji da naka, Baban Tilo, gida ɗaya ba ya ɗaukar masu tari biyu."

Ita ce mai yi masa jarrabawa. Sai ta sa ya rufe ido, ta kawo kwalba ƙarƙashin hancinsa. Kwanakin farko yana ci tas, har ta fara murna, kafin ta gane cewa tsohon ɗan sanda ne take fama da shi: ya haddace ƙarar murfin kowace kwalba. Rannan sai ta zuba ruwan famfo a murfin lemon tsami ta miƙa masa.

"Lemo," ya ce da ƙarfin gwiwa. "Har ya ɗan yi tsami da yawa."

"Sannu Yallaɓai. Ruwan da ka yi alwala da shi ne."

Ya buɗe ido. Ta so ta yi dariya, sai ta ga fuskarsa, dariyar ta maƙale. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki irin na mutumin da aka kama yana yi wa kansa ƙarya. Ta zauna a hannun kujerarsa ta ɗora tafinta a bayan wuyansa, suna kallon labule yana motsi.

Bayan wannan ya daina wayo. Safe da yamma yana zama da kwalabensa kamar mai lazimi. Ya shaƙi lemo ya tuna bishiyar da ke bayan makarantarsu. Ya shaƙi wardi ya tuna ranar da ya fara ganin Maman Tilo tana auna wa wata mata kafaɗa, da tef a wuyanta da allura a baki. Ba ya jin komai sai iska mai sanyi tana shiga tana fita. Da rana kuma gyangyaɗi ya ɗauke shi ya kai shi dogon gidan. Sai dai yanzu gidan ya soma canzawa. A wani ɗakin yakan tarar da keken ɗinki yana ɗinki shi kaɗai. A wani ya tarar da Dogo yana saurayi, ba igiya a hancinsa, yana ce masa, "Shiga mana, muna bayanka." Can ƙarshen gidan kuma akwai wata ƙofa mai labule irin na ɗakinsu, ana jin kukan jariri a bayanta, amma duk saurin da ya yi ƙofar sai ta ƙara nisa.

Wata yamma kanumfari ya yi masa wani abu. Ba za a kira shi ƙamshi ba, wani ɗan tsikari ne can sama tsakanin idanu, kamar an kira sunanka daga wata unguwa. Ya ƙara shaƙa, abin ya tafi. Bai gaya wa kowa ba, yana tsoron idan ya faɗa zai kore shi.

Tilo ta haihu da hantsi, mace. Maman Tilo ta zari jakar da ta shirya ta yi asibiti, takalmi ƙafa ɗaya nata ɗaya nasa. Shi an ce ya zauna a gida, mai tari ba ya shiga ɗakin masu jego. Ya ga jikarsa a waya, wata 'yar fuska a yamutse cikin farar hula ɗinkin kakarta. An shirya idan an sallame su nan gidan za su sauka su ɗan kwana biyu, don gidan Tilo bene ne mai dogon hawa, mijinta kuma yana wuni a wurin aiki.

Ranar da za su zo Maman Tilo ta dawo da wuri ta gyara ɗaki. Ta share, ta goge, ta canza zanen gado, shi kuma yana bin ta daga ɗaki zuwa ɗaki yana tare mata hanya.

"Don Allah zauna wuri ɗaya. Ungo, riƙe wannan, ka ji kai ma kana aiki."

Ta ɗauko wata 'yar hula ruwan ƙwai daga ɗakin kwana ta cusa masa a hannu, ta wuce kicin. Ya zauna a kujerarsa ta bakin taga. Hular ba ta rufe dunƙulen hannunsa ba. Rana ta shigo ta kwanta a kan gwiwoyinsa, idonsa ya soma nauyi. Don sabo da kwalabe, ba tare da tunanin komai ba, ya ɗaga hular ya kai hanci.

Zarni, da zaƙi-zaƙi a ƙarƙashinsa, da wani ɗaci mai kama maƙoshi.

Ya ce a ransa, to, na yi barci ke nan, na shiga gidan. Ya jira bango ya yi rawaya, ya jira ƙofofi su jeru. Bango bai canza ba. Ga keken ɗinki a rufe da zane, ga hoton Tilo na makaranta, ga ƙarar cokali daga kicin. Ya ciji leɓensa ya ji zafi. Ya sake kai hular hanci, warin yana nan, siriri amma tsaye, irin na ɗakin da aka daɗe da daina dahuwa a ciki amma bango ya riga ya sha.

Ya miƙe. Ƙafafunsa suka tuna aikinsu kafin kansa ya tuna. Ya tsaya a tsakiyar falo ya lumshe ido ya juya fuska hagu da dama. Ba daga kicin ba ne, ba daga taga ba. Ya bi siririn zaren warin ta ɗan lungun da ke tsakanin ɗakuna, ya ɗaga labulen ɗakin kwanansu, wannan karon ƙofar ba ta gudu ba. Durowar kaya tana buɗe. A can ƙurya rigar samame tana rataye, kafaɗunta a miƙe kamar da mutum a ciki. An buɗe gabanta, an jera kayan jaririya a ƙarƙashinta cikin tsari, riguna a ninke, safa a cikin manyan aljihunanta, huluna a cikin na ƙirji.

"Maman Tilo."

Yadda ya kira ta ya sa ta taho da cokali a hannu.

"Me ya kawo kayan yarinyar nan cikin rigar nan?"

"Ni na sa. Tun da na fara ɗinkin nan nake ajiye su." Ta ɗan yi murmushin jin kunya. "So nake ta saba da ƙamshin kakanta tun kafin ta san fuskarsa."

"Ƙamshina?"

"To na wa? Shekara nawa ina jin sa. In ka dawo daga aiki, tun kana bakin ƙofa shi ke fara shigowa, in ce alhamdulillahi, yau ma ya dawo da ƙafarsa. Lokacin da aka kwantar da kai a asibiti ma ita nake ɗaukowa in rufa da ita, in ba haka ba barci ba ya zuwa." Ta tsaya, ta dubi hular da ke hannunsa, ta dubi hancinsa. "Tsaya. Kana ji ne?"

"Ina ji."

Farin ciki ya taso mata har ta ɗaga hannu za ta rufe baki, sai ta ga shi ba murna yake ba. Ya jingina da ƙofar durowar.

"Wannan ba ƙamshina ba ne. Warin gidajen nan ne. Shi ne abin da ya cinye ƙirjin Dogo, shi Likita take nema a jikina ta rasa daga ina yake zuwa. Ni na kawo shi da hannuna na ba ki kika rataye mana a ɗakin kwananmu." Ya tuna tarinta. "Kuma kin ce ƙurar yadi ce."

Ta dubi rigar. Ya ga tana ƙoƙarin ƙin abin da ta so shekara da shekaru, abin ya ƙi yiwuwa a lokaci ɗaya. Tausayinta ya kama shi fiye da tausayin kansa. Ita ba ta taɓa shiga gidan dahuwa ba, ba ta yi rantsuwar aiki ba, ba ta san wani wanda tukunya ta fashe wa ba. Miji kawai ta jira a bakin ƙofa.

A waje mota ta yi hon.

"Kayan da kika kai asibiti," ya ce, "daga nan kika ɗauka?"

Cokalin ya faɗi daga hannunta.

Rabon da ya yi sauri irin na ranar tun yana cikin kaki. Ya isa ƙofar gida daidai lokacin da Tilo ta sako ƙafa a kan dakali, tana tafiya a hankali irin ta mai ɗanyen jiki, jaririya a ƙirjinta, mijinta a baya da jakunkuna. Ya tsaya a tsakiyar ƙofar ya ɗaga hannu ɗaya sama.

"Kada wanda ya shigo."

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Koma inuwar can ki zauna. Cire mata kayan nan duka, hula da safa da komai. Kai kuma," ya dubi surukinsa, "ajiye jakar nan a nesa, ka buɗe mota ta sha iska."

Tilo ta girma a gidan ɗan sanda, ta san muryar da ba a yi wa tambaya. Ta zauna a kan benci ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida ta soma ɓalle 'yan maɓallai. Jaririyar ta tsandara kuka da ta ji iska a jikinta. Maƙwabciya ta leƙo, Maman Tilo ta roƙe ta ruwan ɗumi da sabulu da sabon tawul daga gidanta, ba ta ce a ɗauko ko tsinke daga nasu ba. Nan a inuwa aka yi wa yarinyar wanka a cikin roba, aka naɗe ta a tawul ɗin maƙwabta mai zanen kifaye. Shi kuma ya koma ciki shi kaɗai, ya ɗaure fuska da tsumma a karo na farko a rayuwarsa, ya sa rigar a baƙar leda, ya sa ledar a cikin wata, ya ɗaure bakin kamar yadda suke yi wa kayan shaida. Kayan jaririyar ma haka, ɗinkin wata da watanni. Ya buɗe tagogi duka. Ya kira Likita, ta ce kada su kwana a ɗakin, za ta turo waɗanda za su ɗauki ledojin. Ya tuɓe kayan jikinsa, ya yi wanka har fatarsa ta yi zafi, ya saka rigar da surukinsa ya ciro masa daga mota, hannuwanta sun yi masa tsawo.

Da ya fito rana ta karkata, inuwar bishiyar ta kai bakin titi. Jaririyar ta sha nono ta yi barci. Tilo ta ɗago ta dube shi, idonta ya yi ja, uwarta ta riga ta gaya mata komai.

"Zo ka karɓe ta, Baba."

Ya zauna a gefenta don kada rawar hannu ta ba shi kunya. Aka ɗora masa ita a cinya. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Gashin kanta bai gama bushewa ba, tsakiyar kan yana ɗan bugawa a hankali. Ya sunkuya, ya lumshe ido, ya ja iska yadda ya saba a bakin ƙofa.

Babu zarni, babu ɗacin nan. Ya ƙara ja, ya jira ɗayan, ƙamshin kan jaririya, wanda ya yi wata da watanni yana buɗe wa hanya da lemo da kanumfari. Ya jira har ƙirjinsa ya fara zafi. Iska ce kawai mai ɗumi take shiga tana fita. Hancin ya dawo ya yi aikin da aka koya masa, bai kawo komai bayan wannan ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma duk da ciwon ya san da za a ba shi zaɓi tsakanin biyun, wanda aka ba shi ɗin zai ɗauka. Bai ɗago ba, ya bar fuskarsa a wurin, hawayensa yana sauka a kan kifayen tawul.

"Ka ji?" Tilo ta tambaya a hankali.

Ya girgiza kai.

Maman Tilo ta matso ta durƙusa a gabansa. Ta kai hancinta inda nasa yake, goshinta yana taɓa nasa, ta shaƙa ta daɗe.

"Nono ne, da ɗumi," ta ce. "Da wani abu kamar ƙasa in an fara yayyafi. Irin na uwarta sak."

"Ƙara gaya mini."

Ta buɗe baki za ta ƙara, sai tarin nan ya taso mata, ta kau da kai gefe ta rufe baki da mayafi har ya lafa. Ya saurare shi tun daga farko har ƙarshe, yadda bai taɓa saurara ba.

"Ranar Talata tare za mu tafi," ya ce. "Akwai wuri a bencin, kusa da Dogo."